Thomas More: Babban Alƙalin Ingila da ya mayar da hatimin sarki, ya ƙi rantsuwa

A ranar 16 ga watan Mayu, 1532, mutumin da ke riƙe da muƙami mafi girma a gwamnatin Ingila ya mayar wa Sarki Henry na Takwas babban hatimin mulki, ya koma gidansa da ke Chelsea a bakin Kogin Thames. Ba korarsa aka yi ba, shi ya nemi a sauwaƙe masa, ya kuma kafa hujja da ciwon ƙirji da ke damunsa. Shekara uku da 'yan makonni bayan haka aka sare masa kai. Sunansa Thomas More, lauya ne, marubuci, uban 'ya'ya huɗu, kuma mabiyin ɗarikar Katolika. An fi tuna shi da rantsuwar da ya ƙi yi, amma wanda ya bi tarihinsa daki-daki zai tarar cewa ya daɗe yana ƙin ƙananan abubuwa a kotu da cikin gida kafin babbar ta iso.

An haife shi a birnin Landan cikin watan Fabrairu, 1478. Mahaifinsa, John More, lauya ne da daga baya ya zama alƙali. Yana da kimanin shekara 12 aka kai shi hidima gidan John Morton, babban bishop na Canterbury, wanda shi ne ke riƙe da hatimin sarki a lokacin. Daga can ya wuce Oxford ya yi kusan shekara biyu, sai mahaifinsa ya dawo da shi Landan ya karanta shari'a. A 1496 ya shiga Lincoln's Inn, ɗaya daga cikin gidajen horar da lauyoyi da suke nan har yau.

A shekarun samartakarsa ya yi dogon tunani a kan ko ya bar duniya ya shiga zaman zuhudu. Ya zauna kusa da gidan wasu masu zuhudu na Katolika da ake kira Charterhouse, yana bin su azumi da addu'o'in dare ba tare da ya ɗauki alkawarin zama ɗayansu ba. A ƙarshe ya ga ba zai iya haƙura da aure ba, ya zaɓi ya zama miji na gari a kan ya zama limamin coci mai ha'inci. Abu ɗaya da ya fito da shi daga can bai rabu da shi ba har mutuwa, wato wata 'yar riga mai kaushi ta gashin dabba da yake sawa a jikin fata, ƙarƙashin tufafin muƙami. Mutane ƙalilan ne suka san da ita, kuma babbar 'yarsa Margaret ce ke wanke masa ita a ɓoye.

Ya auri Jane Colt wajen 1505, ta haifa masa Margaret da Elizabeth da Cecily da John, ta rasu a 1511. Cikin wata guda ya sake aure da wata bazawara mai suna Alice Middleton, wadda ta girme shi, mace mai kaifin harshe da iya riƙon gida. Gaggawar ta ba abokansa mamaki, amma yara huɗu ƙanana ke gabansa, babbarsu ba ta wuce shekara shida ba.

Da 'yan kasuwa ya fara yin suna. Ƙungiyar manyan dillalan yadi ta Landan ta karɓe shi a matsayin ɗanta a 1509, yana yi mata aikin lauya da tafinta. Daga 1510 zuwa 1518 ya riƙe muƙamin alƙali a kotun birnin, inda yawancin ƙararrakin na bashi ne da saɓa alkawarin ciniki. Abokinsa Erasmus, shahararren malamin nan ɗan ƙasar Holan, ya rubuta cewa babu wanda ya kai shi yawan kammala shari'u, kuma sau da dama yakan yafe wa masu ƙara kuɗin da doka ta ce su biya shi. Wannan bai talauta shi ba, domin surukinsa William Roper, mijin Margaret, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ƙiyasta abin da yake samu a lokacin da fam 400 a shekara, kuɗi mai yawa a wancan zamani. A 1515 aka sa shi cikin tawagar da ta je yankin Flanders, a Beljiyam ta yau, don sasanta rikicin cinikin ulu da yadi. A can ya fara rubuta littafinsa Utopia, wanda aka buga a 1516, inda ya yi doguwar muhawara a kan ko ya dace mai ilimi ya shiga hidimar sarki alhali ya san ba lallai a ji shawararsa ba.

Shi kansa ya shiga. Daga 1518 ya zama ɗan majalisar sarki, a 1521 mataimakin ma'aji, a 1523 kakakin majalisar wakilai. Sarki Henry yana son hirarsa ƙwarai, har wata rana ya zo Chelsea ba sanarwa, ya ci abinci, ya zaga lambu da shi hannunsa a wuyan More. Da Roper ya taya shi murna, sai More ya nuna masa cewa babu abin alfahari a ciki, domin da kansa zai iya samo wa sarki wata ganuwa guda a Faransa, da ba za a yi jinkirin sare shi ba. Ya san ubangidansa sarai.

Gidansa na Chelsea cike yake da jama'a: 'ya'ya, surukai, jikoki, marayun da ya riƙa, da barori. Ya koyar da 'ya'yansa mata Latin da Girkanci da lissafi daidai da ɗansa namiji, abin da ba a saba gani ba a lokacin, har Margaret ta fassara wani littafin Erasmus zuwa Turanci aka buga. Yakan tara iyali addu'a da dare, ana karanta Littafi Mai Tsarki a lokacin cin abinci, kuma ya hana barorinsa caca da zaman banza, kowa ya ba shi ɗan fili a lambu ya noma ko ya koyi kiɗa. Ranar Juma'a yakan keɓe kansa a wani ɗaki da ya gina nesa da hayaniya. Ko da ya kai ƙololuwar muƙami bai daina shiga sahun mawaƙan cocin unguwarsu ba, har Duke na Norfolk ya taɓa yi masa faɗa cewa yana zubar da girman sarki. Haka kuma idan ya ratsa babban zauren shari'a na Westminster ya tarar da tsohon mahaifinsa zaune a kotunsa, yakan durƙusa a gaban jama'a ya nemi albarkarsa kafin ya wuce tasa kotun, wadda ta fi ta mahaifin girma.

A watan Satumba, 1529, gobara ta cinye rumbunansa da hatsin da aka girbe, ta kuma taɓa na maƙwabta. Yana tare da sarki a Woodstock labarin ya same shi. Wasiƙar da ya aika wa Alice tana nan har yau. Ya umarce ta ta tara iyali su je coci su gode wa Allah a kan abin da ya bayar da abin da ya karɓe, sannan ta bincika asarar kowane maƙwabci, domin ya ƙudura zai biya su ko da zai ƙare ba shi da cokali. Ya ƙara da cewa idan dole a rage ma'aikatan gona, kada a sallami kowa sai an samo masa wani ubangida.

Wata guda bayan haka, a Oktoba 1529, sarki ya tsige Kadinal Thomas Wolsey ya miƙa wa More hatimi. Muƙamin ya haɗa shugabancin alƙalai da wani abu mai kama da waziranci, kuma kotunsa ita ce mafakar wanda tsaurin doka ya zalunta. Da rana yakan zauna a buɗaɗɗen zauren gidansa don duk mai kuka ya shigo kai tsaye. Wani surukinsa, William Dauncey, ya yi masa ƙorafi cewa a zamanin Wolsey har masu tsaron ƙofa sun yi arziki da na goro, amma shi ga shi surukin Babban Alƙali bai samu komai ba, tunda kowa na iya ganin More ba tare da ɗan rakiya ba. Wani surukin, Giles Heron, ya shigar da ƙara a gabansa yana taƙama da surukuta, ya ƙi sulhu, sai More ya yanke hukunci a kansa.

Batun kyaututtuka shi ne inda labarin ya fi daɗi, kuma duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kujerar da takardun mutane ke bi ta kanta ya san wuyar wannan gaɓa. Al'adar lokacin ita ce a kai wa manya kyautar sabuwar shekara, kuma mayar da kyauta cin fuska ne. More ya nemo hanyar da ba zai ci ba, ba kuma zai kunyata mai bayarwa ba. Roper ya kawo misalai uku. Wata bazawara mai dukiya, Misis Croker, wadda ya yanke hukunci ya ba ta gaskiya, ta kawo masa safar hannu da fam 40 na zinariya a ciki. Ya zazzage kuɗin ya mayar mata, ya riƙe safar don kada ta ji kunya. Wani mai suna Gresham, wanda shari'arsa ke gabansa, ya aiko da kofi mai ruwan zinariya. More ya karɓa saboda ƙirar ta burge shi, ya aika masa da nasa kofin wanda ya fi tsada. Na uku shi ne kofin da matar wani Vaughan ta kawo masa da daɗewa bayan mijinta ya yi nasara a kan wani Parnell. Bayan More ya sauka, lokacin da ake neman laifin da za a ɗaure shi da shi, Parnell ya kai ƙara majalisar sarki. More ya amsa cewa lallai ya karɓi kofin, har mahaifin sabuwar sarauniya ya fara murna an kama shi. Sai ya roƙi a saurari ƙarshen labarin: ya sa an zuba ruwan inabi a kofin, ya sha don girmama matar, ita ma ta sha, sannan ya miƙa mata shi a matsayin kyautarsa ga mijinta. Shaidu suka tabbatar, ƙarar ta mutu. Gaskiya ne Roper surukinsa ne mai ƙaunarsa, kuma ya yi rubutun kimanin shekara 20 bayan rasuwarsa. Sai dai maƙiyansa sun yi bincike da dukkan ƙarfin gwamnati a hannunsu, kuma a ƙarshe ba da laifin cin hanci suka gurfanar da shi ba.

Akwai ɓangaren tarihinsa da masu yabonsa kan bi ta kai da sauri, bai kuwa kamata ba. Zamaninsa ne koyarwar Martin Luther ta fara shiga Ingila daga Jamus, kuma More ya ɗauke ta a matsayin bidi'a mai rusa addini da zaman lafiya. Ya rubuta littattafai masu zafin harshe a kan Luther da William Tyndale, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci. Ya sa an kama masu shigo da littattafan da aka haramta, ya tsare wasu a gidansa yana yi musu tambayoyi. A cikin wata 31 da ya yi a kan muƙami an ƙone mutum shida da ransu bisa laifin bidi'a, yana da hannu a binciken wasu daga cikinsu, kuma bai nuna nadama ba. An zarge shi da azabtar da fursunoni, ya musanta a rubuce a 1533. Ana iya cewa dokar zamanin ke nan, kuma kowane ɓangare ya yi haka da ya samu iko. Duk da haka, mutumin da daga baya ya nemi a bar shi da abin da ke zuciyarsa bai bar waɗannan shida da nasu ba.

Abin da ya kawo ƙarshensa aure ne. Sarki Henry ya auri Catherine, gimbiyar Sifaniya kuma matar yayansa marigayi, a 1509. Ba su samu ɗa namiji da ya rayu ba, sai 'ya mace, Mary. Sarki ya so Fafaroma Clement na Bakwai ya bayyana cewa auren bai ɗauru ba tun asali, domin ya auri Anne Boleyn. Fafaroma ya yi ta jan ƙafa, ga kuma Sarki Charles na Biyar, ɗan 'yar'uwar Catherine, wanda sojojinsa suka wawushe Roma a 1527. Henry ya san ra'ayin More tun kafin ya naɗa shi, ya kuma yi masa alkawarin ba zai tilasta masa a wannan batu ba. Amma da al'amari ya rikiɗe daga batun aure zuwa batun wane ne shugaban coci a Ingila, wuri ya ƙure. Ranar 15 ga Mayu, 1532, malaman cocin Ingila suka miƙa wa sarki ikon kafa dokokinsu. Washegari More ya ajiye aiki.

Saukar ta zo da talauci nan take. Abin da ya rage masa bai fi fam 100 da 'yan kai a shekara ba. Ya samar wa barorinsa wuraren aiki a gidajen manya, ya ba magajinsa Thomas Audley jirgin ruwansa da matuƙansa takwas, sannan ya tara 'ya'yansa ya yi musu bayanin yadda za a rage cefane mataki-mataki, cikin raha, har ya kai ga cewa in ta ƙi sai su ɗauki jaka su yi bara tare. Bishop-bishop sun taɓa tara masa fam dubu huɗu ko fiye don gode masa a kan littattafan da ya rubuta na kare coci, ya ƙi karɓa, ya ƙi yarda a ba matarsa ko 'ya'yansa. Bai kushe sarki a fili ba, bai shiga wata ƙungiyar adawa ba. Amma da aka naɗa Anne sarauniya ranar 1 ga Yuni, 1533, bai halarta ba, kuma an lura.

A watan Maris, 1534, majalisa ta kafa dokar gadon sarauta wadda ta ba 'ya'yan Anne gado, aka kuma ce kowa ya rantse a kanta. Ranar 13 ga Afrilu aka kira More fadar Lambeth. Da safe ya je coci kamar yadda ya saba kafin kowane babban al'amari. A kullum iyalinsa kan raka shi har bakin ruwa, amma ran nan ya ja ƙyauren lambu ya rufe a bayansa, bai bar kowa ya biyo shi ba. A Lambeth ya karanta dokar da rantsuwar a natse. Ya ce a shirye yake ya rantse a kan gadon, domin majalisa na da ikon zaɓar magaji, amma rantsuwar yadda aka tsara ta ta ƙunshi abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, wato watsi da ikon Fafaroma. Ya ƙi faɗin dalilansa, ya kuma ƙi zargin waɗanda suka rantse. Aka nuna masa jerin sunayen manyan ƙasa da suka sa hannu, aka tura shi ya jira yana kallon malaman coci na shiga suna fitowa da fara'a. Bai sauya ba. Ranar 17 ga Afrilu aka kai shi kurkukun Hasumiyar Landan.

Wata 15 ya yi a can. Shirunsa dabarar lauya ce: a ƙa'idar shari'a, wanda ya yi shiru ana ɗauka ya amince, don haka ba za a kashe shi a kan abin da bai furta ba. Bai nemi mutuwa ba, kuma wasiƙunsa sun nuna yana tsoron azaba, yana kwana yana lissafin abin da ka iya faruwa da shi. Gwamnati ta ƙara matsa lamba. A Nuwamba 1534 aka kafa dokar da ta naɗa sarki shugaban cocin Ingila, da wata da ta mayar da musun wannan laƙabi cin amanar ƙasa. Aka ƙwace dukiyarsa. Alice ta rubuta wa sakataren sarki, Thomas Cromwell, cewa ta kai ga sayar da tufafinta don biyan sule 15 na abincin mijinta da baransa kowane mako.

Jarrabawar da ta fi yi masa ciwo daga gida ta fito. Alice ta zo ta yi masa faɗa a kan yadda mai hankali irinsa zai zaɓi zama da ɓeraye alhali ga gidansa da littattafansa da jikokinsa. Margaret, wadda ya fi ƙauna, ta riga ta yi rantsuwar, ta zo da hujjoji irin na wadda shi da kansa ya koyar: malamai da yawa masu tsoron Allah sun rantse, me ya sa shi kaɗai? Ba za a ce matan nan ba su da gaskiya ta wani fanni ba, domin su ne za su ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. Amsarsa a kullum ita ce ya yi shekaru yana nazarin batun, ba ya hukunta zuciyar kowa, amma ba zai ɗora hannu a kan Littafi ya kira Allah shaida a kan abin da yake ganin ƙarya ne ba. A wannan zaman ne ya rubuta littafi a kan haƙuri da samun natsuwa cikin tsanani. Ranar 4 ga Mayu, 1535, yana tare da Margaret a bakin taga suka ga an fito da wasu masu zuhudu, ciki har da shugaban Charterhouse inda ya yi samartaka, za a kai su wurin kisa.

Ranar 12 ga Yuni aka aiko babban lauyan gwamnati Richard Rich ya kwashe littattafansa da kayan rubutu. Rich ya ja shi da hira a kan iyakar ikon majalisa. Da aka gurfanar da More ranar 1 ga Yuli a zauren Westminster, inda ya taɓa zama alƙali, Rich ya rantse cewa a wannan hirar More ya ce majalisa ba ta da ikon mayar da sarki shugaban coci. More ya ce shaidar zur ce, ya kuma tambayi kotu ko hankali zai ɗauka cewa sirrin da ya hana sarki da manyan majalisarsa zai buɗe wa mutumin da bai taɓa amincewa da shi ba. Mutum biyu da suka raka Rich suka ce hankalinsu na kan ɗaure littattafai, ba su ji komai ba. Cikin alƙalan akwai mahaifin Anne da kawunta. Masu yanke hukunci ba su wuce minti 15 ba suka ce yana da laifi. Sai a lokacin ya buɗe baki ya faɗi ra'ayinsa ƙarara, cewa dokar ta saɓa wa dokar Allah da ta cocin duniya baki ɗaya, ya kuma yi wa alƙalan fatan su haɗu da shi cikin rahama.

An yanke masa kisan wulaƙanci irin na maciya amana, sarki ya sassauta zuwa sare kai, kamar yadda aka yi wa Bishop John Fisher ranar 22 ga Yuni. A hanyar komawa kurkuku Margaret ta kutsa tsakanin masu gadi ta rungume shi, ta tafi, ta sake dawowa ta rungume shi. Ranar 5 ga Yuli ya rubuta mata wasiƙa ta ƙarshe da gawayi, ya haɗa da rigar gashin nan, ya sa wa kowa albarka da suna, har da wata baranyar gidan. Da safiyar 6 ga Yuli, 1535, aka kashe shi yana da shekara 57. An kafe kansa a kan Gadar Landan, daga baya Margaret ta karɓo shi ta adana.

Anne Boleyn ba ta cika shekara ba ita ma aka sare kanta, a Mayu 1536. Cromwell ya bi a 1540, shekarar da aka kashe Giles Heron, surukin nan da ya taɓa faɗuwa shari'a a gaban More. Margaret ta rasu a 1544. Richard Rich kuwa ya ci gaba da hawa, ya riƙe hatimin da More ya ajiye daga 1547, ya mutu a gadonsa da tarin dukiya a 1567.

Fafaroma Pius na Sha Ɗaya ya ayyana More da Fisher a matsayin waliyyai a 1935, shekara 400 bayan kisansu. A shekarar 2000 Fafaroma John Paul na Biyu ya sanya More waliyyin masu mulki da 'yan siyasa. Cocin Ingila, wanda ya mutu yana ƙin amincewa da shugabancin sarki a kansa, ya shigar da sunansa cikin kalandar waɗanda yake tunawa da su a 1980, a ranar 6 ga Yuli.